Digirin Farko a Kimiyyar Kwamfuta: Abin da Ake Karantawa da Abin da Ake Fita da Shi

Kimiyyar kwamfuta ilimi ne na warware matsala ta hanyar tsara matakai daki-daki, waɗanda na'ura za ta bi ba tare da ta tsaya tambayar kowa ba. Digirin farko a wannan fanni, wanda jami'o'in Nijeriya ke bayarwa bayan shekara huɗu ko biyar, a kan abu uku aka gina shi: lissafi, rubuta manhaja, da sanin yadda cikin na'urar yake aiki. Iyaye da dama, har ma da yaran da ke cike fom ɗin JAMB, sun ɗauka karatun buga takardu ne, ko gyaran waya, ko irin aikin da ake yi a shagunan kwamfuta na bakin ƙofar jami'a. Waɗannan sana'o'i ne masu rufin asiri, amma cikin 'yan watanni ake koyonsu. Wanda ya shiga sashen da wannan zato, tun a zangon farko jikinsa yake yin sanyi, idan ya ga jadawali cike da lissafi da fiziks, kwamfutar da ya zo dominta kuwa darasi ɗaya ko biyu kacal aka ba ta.

Fannin bai daɗe a jami'a ba idan aka kwatanta shi da likitanci ko shari'a. Jami'ar Kambirij ta Ingila ta fara koyar da shi a matakin difloma a 1953, Jami'ar Purdue ta Amurka kuma ta buɗe masa sashe mai cin gashin kansa a 1962. A Nijeriya, kamfanin IBM ya kafa cibiyar horarwa a Jami'ar Ibadan a 1963, daga nan cikin shekarun 1970 sassan kimiyyar kwamfuta suka fara bayyana a jami'o'in kudu maso yamma. Kusan ko'ina lissafi ne ya goyi fannin. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an daɗe ana karanta kwamfuta a ƙarƙashin sashen lissafi kafin a yaye ta, kuma cibiyar kwamfutar jami'ar sunan Farfesa Iya Abubakar ta ci, masanin lissafin nan da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Wannan asali ne ya sa har gobe mai gudun lissafi ba ya jin daɗin zama a sashen. Waɗanda suka yi karatun a shekarun 1980 da 1990 sun koyi harsunan Fortran da Cobol da Pascal. Yanzu an koma Python da Java da C++. Harsunan ne suka sauya. Tambayoyin da ake amsawa da su suna nan yadda suke.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke gindaya mafi ƙarancin abin da dole a koyar. A tsohon kundinta na 2007, BMAS, kwamfuta reshe ce kawai a cikin kimiyya. A Disamban 2022 ta ƙaddamar da sabon kundi, CCMAS, wanda ya ware ilimin kwamfuta ya zama fanni mai zaman kansa, ya tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita. A ƙarƙashinsa digirin ya kasu: akwai kimiyyar kwamfuta zalla, da injiniyancin manhaja, da tsaron intanet, da kimiyyar sarrafa alƙaluma, da fasahar bayanai da sadarwa, da tsarin bayanai na ma'aikatu. Injiniyancin manhaja ya fi mayar da hankali kan yadda mutane da yawa za su haɗu su gina babbar manhaja, su gwada ta, su kula da ita tsawon shekaru. Mai tsaron intanet yana nazarin inda masu kutse ke samun ƙofa. Mai sarrafa alƙaluma ƙididdiga ce abincinsa. Sai dai shekara biyun farko kusan darasi ɗaya duka suke ɗauka, kuma sunan da ke kan takardar shaida bai kai bambancin da tallar wasu jami'o'i ke nunawa ba. Ga yaron da bai tsayar da shawara ba, kimiyyar kwamfuta zalla ta fi faɗin ƙofa, domin daga cikinta ana iya karkata zuwa kowane reshe, alhali komowa daga reshe zuwa tushe ya fi wuya. Injiniyancin kwamfuta kuwa wani abu ne daban: a tsangayar injiniya yake, shekara biyar ne, ya fi kusa da lantarki da ƙirar na'ura, kuma majalisar injiniyoyi ta COREN ce ke tantance shi.

A Jami'ar Bayero ta Kano, wadda ke da tsangaya guda ta kwamfuta, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri, da jami'o'in tarayya na Dutse da Dutsinma, shekara huɗu ake yi. Jami'o'in fasaha irin su ta Minna da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi sun saba da shekara biyar. A Jamhuriyar Nijar tsarin ya bi na ƙasashe masu Faransanci: bayan jarrabawar BAC ta ɓangaren kimiyya, digirin farko shekara uku ne, zango shida, a jami'o'i irin su Abdou Moumouni ta Yamai da Ɗan Dicko Ɗankoulodo ta Maraɗi, ga kuma reshen Yamai na cibiyar IAI, mai mazauni a Libreville, wadda ƙasashen Afirka suka kafa a 1971.

Ƙofar shiga a Nijeriya sananniya ce. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks, a zama ɗaya ko biyu. A jarrabawar JAMB, wadda makinta 400 ne kuma tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta, ana ɗaukar Turanci da lissafi da fiziks, sai darasi na huɗu, yawanci kemistiri. Bayan nan kowace jami'a ta yi tata tantancewar. Jami'o'in tarayya kan raba gurabe kashi 45 ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani. Da yake ana neman kwas ɗin ruwa a jallo, makin da jami'a ta sanar a matsayin mafi ƙaranci ba kasafai yake isa ba, sai a tura ɗalibi lissafi ko ƙididdiga ko fiziks. Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin faɗuwa ba. Mai digirin lissafi da ya koyi rubuta manhaja ba ya jin kunya a gaban kowa a wannan sana'a. Akwai kuma hanyar shiga aji biyu kai tsaye ga mai difloma ta kwalejin fasaha, ko NCE, ko shaidar IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita.

Ana auna karatun ne da yunit. Yunit ɗaya na nufin lakca ta sa'a ɗaya kowane mako tsawon zango, ko sa'a uku a ɗakin gwaji, kuma mai shekara huɗu sai ya tara aƙalla yunit 120 kafin a yaye shi. Maki 70 zuwa sama shi ne A, mai daraja 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, mai daraja 4. Haka ake sauka har ƙasa da 40, wanda faɗuwa ce, sai an sake ɗaukar kwas ɗin baɗi. Ana ninka darajar kowane kwas da yawan yunit ɗinsa, a tara, a raba da jimillar yunit, abin da ya fito shi ne CGPA. Daga 4.50 digiri mai daraja ta ɗaya ne, daga 3.50 daraja ta biyu ta sama, daga 2.40 ta biyu ta ƙasa. Abin da ɗalibai ba sa ganewa da wuri shi ne, ajin farko ya fi kowane aji tasiri a kan wannan lissafi a aikace. Darussansa maimaicin sakandare ne da ɗan ƙari, makin yana da sauƙin samu, amma a lokacin ne yaro yake sabon shiga, yana fama da neman ɗaki da rajista da 'yancin da bai saba da shi ba. Wanda ya fita aji ɗaya da 2.50, janyo shi zuwa 3.50 a darussan aji uku ɗaukar Dala ba gammo ne.

A aji biyu ake shiga rubuta manhaja gadan-gadan, kuma a nan ake gane wanda zai zama ɗan sana'a. Aikin da malamai ke yawan bayarwa shi ne a rubuta manhajar da za ta fitar da sakamakon ɗalibi, kuma wannan ɗan ƙaramin aiki ya ƙunshi kusan duk abin da darasin ke son koyarwa. Ɗalibi ya zauna ya rubuta: idan maki ya fi 70, a ba da A. Ya gwada da 85, ya ga A. Ya gwada da 64, ya ga B. Ransa ya yi fari. Sai malami ya zo ya buga 70 cif. Na'ura ta ba da B, domin an ce mata "ya fi 70", ba a ce mata "70 ko fiye" ba. Ya gyara wannan, ya wuce wajen rabawa. Jimillar maki 35, jimillar yunit 10, amsa 3.50. Na'ura ta ce 3. A harshen C da Java, idan aka raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba, ana yar da abin da ya rage, don haka layi ɗaya ya sauko da mutum daga daraja ta biyu ta sama zuwa ta ƙasa. Ya sake gyarawa. Sai aka kawo sunan ɗalibin da bai yi rajistar ko kwas ɗaya ba, manhaja ta yi yunƙurin rabawa da sifiri, ta tsaya cak. Babu ko ɗaya cikin kurakuran nan uku da ake ganowa ta hanyar karanta handawut. Sai an rubuta, an kunna, abu ya ƙi, an zauna ana bin layi-layi har a kamo inda tunani ya karkace. Wannan zama, wanda kan ɗauki dare guda a kan harafi ɗaya, shi ne ainihin karatun.

Shi ya sa babbar illa a sassa da yawa ita ce koyar da rubuta manhaja a kan allo, a kuma jarraba ta da biro da takarda kaɗai. Rubuta umarni da hannu yana da amfaninsa, yana tilasta wa mutum ya bi tunaninsa a hankali. Amma idan shi ne kaɗai ma'auni, hadda ce ke cin riba: ɗalibi ya haddace misalan malami, ya juye su ranar jarrabawa, ya ci A, alhali bai taɓa ganin manhajarsa ta yi aiki ba. Kamar tela ne da ya haddace awon kowace riga, amma bai taɓa hawa keken ɗinki ba.

Zuciyar digirin tana aji uku, a darasin tsarin ajiye bayanai da na algoridim, wato hanyoyin da ake bi a warware matsala da auna tsadar kowace hanya. A ɗauki masu rubuta JAMB, waɗanda a 'yan shekarun nan suke kusan miliyan biyu. Idan ana neman sakamakon yaro ɗaya a jerin da ba a tsara ba, ana iya duba suna miliyan biyu kafin a same shi. Idan an jera su bisa lambar rajista, sai a duba na tsakiya, a ga ko wanda ake nema yana sama ko ƙasa, a watsar da rabi, a sake duba tsakiyar abin da ya rage. Dubawa 21 ta isa, domin biyu idan aka ninka ta a kanta sau 21 ta haura miliyan biyu. Jerawar ma haka take. Hanya mai sauƙin fahimta, ta kwatanta kowane suna da kusan kowane, tana cin kwatanci wajen tiriliyan biyu. Na'urar da ke yin biliyan ɗaya a daƙiƙa za ta shafe fiye da rabin sa'a. Hanyar raba jeri gida biyu, a tsara kowane, a haɗe, kwatanci miliyan arba'in da 'yan kai take buƙata, ba ta cika daƙiƙa ɗaya ba. Na'ura ɗaya, bayanai ɗaya, amsa ɗaya. Bambancin yana cikin kan wanda ya rubuta. Wanda ya koyi harhaɗa shafin intanet kaɗai ba zai lura da wannan ba sai ranar da jama'a suka yi wa shafin rubdugu ya durƙushe, kamar yadda shafukan rajista kan yi a ranakun ƙarshe.

A wannan aji ne kuma ake leƙa ƙarƙashin murfi: yadda babbar manhaja irin Linux ko Windows ke raba lokaci da ma'adana tsakanin ayyuka, yadda saƙo ke gutsuttsurewa ya ratsa hanyoyin sadarwa ya haɗe a uwar garke, da yadda ake tsara rumbun bayanai bisa tsarin jadawali da Edgar Codd ya gabatar a 1970. Mai jin Hausa yana da misali a bakin ƙofarsa. Tsohon tsarin haruffa na ASCII alama 128 kawai ya tanada, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ da ake rubutawa a Nijar. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowannensu lambarsa, kuma a salon UTF-8 kowanne bayit biyu yake ci, ba ɗaya ba kamar haruffan Turanci. Idan mai gina rumbun asibiti bai san wannan ba, sunan Ɗanladi zai fito da alamar tambaya a farkonsa. Idan ma'aikaci ya gaji ya rubuta shi da d mara lanƙwasa, gobe wani ya rubuta da mai lanƙwasa, majiyyaci ɗaya ya zama mutum biyu masu kati biyu, tarihin jinyarsa ya rabu. Gyaran layi biyu ne ga wanda ya fahimci yadda na'ura ke ajiye harafi.

Akwai kuma darussan nazari zalla, waɗanda ɗalibai suka fi yi wa ƙorafi: lissafin hujja da ƙidaya, da ka'idar abin da na'ura za ta iya da wanda ba za ta iya ba. A 1936, kafin a ƙera kwamfuta ta zamani ko ɗaya, Alan Turing ya tabbatar da cewa ba za a taɓa rubuta manhajar da za ta duba kowace irin manhaja ta faɗa ko za ta kammala aikinta ko za ta yi ta juyawa ba. Wannan hukunci bai tsufa ba, kuma ba zai tsufa ba. Kayan aikin da ake yayi yau bayan shekara biyar wasu za a koma. Waɗannan darussa ne kaɗai kason digirin da ba ya buƙatar sabuntawa.

Kafin ajin ƙarshe ana tura ɗalibi horon sanin makamar aiki, SIWES, wanda asusun ITF mai hedikwata a Jos ya ɓullo da shi a 1973. Yawanci wata shida ne, wasu jami'o'in kan raba shi gida biyu, kuma ana cike littafin aiki kullum, shugaban wurin ya sa hannu. Wata shidan nan na iya fin shekara guda ta lakca amfani, suna kuma iya tafiya a banza. Wanda ya samu wurin da ake gina manhaja ko ake kula da hanyar sadarwa zai ga yadda ake aiki da mutane, yadda wani ke duba abin da wani ya rubuta kafin a karɓa, da yadda mai bayar da aiki ke sauya magana bayan an yi nisa. Wanda ya bi sauƙi ya zaɓi ofishin ɗan uwa kusa da gida, aikinsa ɗaukar hoton takardu ne da aike. Kamfanonin manhaja sun fi taruwa a Ikko da Abuja, zaman can kuwa da tsada, don haka ɗaliban Arewa da yawa ba zaɓi ne ya kai su ofishin ɗan uwan ba, rashin hali ne.

Sai kundin kammalawa a aji huɗu: babi biyar, malami mai dubawa, da ranar karewa a gaban malaman sashe har da na waje. Batutuwan sun yi kama da juna har sun gundura, daga manhajar ɗakin karatu sai ta ɗakin kwanan ɗalibai, kuma sananne ne cewa akwai masu sayar da kundi haɗe da manhajarsa. Mai saye kansa ya cuta, domin kundin shi ne aiki mafi girma da zai iya nuna wa mai ɗaukar ma'aikata. Ga shi kuwa matsalolin gaske sun yi yawa a kusa: lissafin bashin 'yan kasuwar Kantin Kwari da har yanzu littafi ke riƙe da shi, rabon taki ga manoma, bibiyar rigakafin yara, gane maganar Hausa a mayar da ita rubutu. Google Translate ya saka Hausa tun 2013, amma ingancin irin waɗannan na'urori ya dogara ne da yawan tsabtatattun bayanan da aka tara a harshen. Ƙungiyar Masakhane ta masu bincike 'yan Afirka, da aikin NaijaSenti na 2022 wanda masana daga Jami'ar Bayero suka taka rawar gani a ciki, sun nuna cewa wannan fage a buɗe yake, kuma ɗalibin da ya tashi da Hausa a bakinsa yana da jarin da ɗan wata ƙasa ba shi da shi.

Yanayin karatun kansa ba ya taimakawa. A jami'o'in gwamnati da yawa aji ɗaya ya fi ƙarfin ɗakin gwaji, mutum uku ko huɗu a kan kwamfuta ɗaya, idan an ɗauke wuta kuma darasi ya tashi. Malamai sun yi kaɗan, kuma wannan fanni ya fi sauran fuskantar matsalar, domin ƙwararren mai rubuta manhaja na iya samun ninkin albashin malamin jami'a yana zaune a ɗakinsa, yana yi wa kamfanin waje aiki. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya cinye wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022, shekara huɗu ta koma biyar ko shida. Laftof ba kayan ado ba ne a wannan kwas, shi ne littafi da alƙalami. Tsohuwa mai ƙarfin matsakaici ta wadatar, amma babu ita babu karatun. Ga kuɗin data, ga na caji. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a 2024, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana ba da na kashewa duk wata, babu kuɗin ruwa, sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Ɗalibai mata suna da ƙarin cikas: aikin rukuni da zaman ɗakin gwaji sukan kai dare, sai a bar musu rubuta rahoto maza su riƙe na'ura. Malamin da ya san aikinsa yakan tilasta kowa ya zauna ya bayyana layin da ya rubuta, kuma wannan kaɗai kan canza abubuwa.

Saboda haka duk wanda ya fita da hannu, za a tarar ya yi karatu biyu ne a lokaci guda: na aji, da na kansa. Na biyun yana cikin darussan kyauta na intanet, da ajiye ayyuka a GitHub inda kowa zai gani, da tarukan masu sana'ar a cibiyoyi irin su CoLab a Kaduna da nHub a Jos. Daga nan ne muhawarar nan ta taso, wai me ya sa za a ɓata shekara huɗu alhali horon 'yan watanni, irin na shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, yana sa mutum ya fara cin abinci. Gaskiya ne gajeren horo yana buɗe ƙofar farko, kuma akwai gwanayen da ba su taɓa shiga sashen ba. Amma gajeren horo kayan aiki ɗaya yake koyarwa, ranar da aka daina yayinsa sai a koma farko. Digiri ne ke ba da tushen da ake koyon sabo a kai cikin mako biyu, shi ne kuma sharaɗin aikin gwamnati a matakin jami'i da na ƙaro karatu. Shola Akinlade da Ezra Olubi, waɗanda suka kafa kamfanin Paystack, wanda kamfanin Stripe ya saya a 2020 kan fiye da dala miliyan 200, kimiyyar kwamfuta suka karanta a Jami'ar Babcock. Isa Ali Pantami da Kashifu Inuwa Abdullahi, waɗanda suka shugabanci hukumar NITDA ɗaya bayan ɗaya, a Bauchi suka karanta ta.

Zuwan ƙirƙirarriyar basira ya ƙara wa wannan magana nauyi. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, aikin gida na aji biyu na'ura na rubuta shi cikin daƙiƙoƙi. Ɗalibin da ya miƙa mata duk aikinsa ya tsallake daidai wahalar da ke gina shi, kuma ba zai iya gane lokacin da ta yi kuskure ba, tana kuwa yi, cikin kalamai masu gamsarwa. Ƙananan ayyukan da sabon ma'aikaci kan fara da su su ne na'urar ta fi iyawa. Abin da ya rage wa mutum shi ne fahimtar matsala, tsara mafita, da tantance ko abin da aka samar daidai ne, wato darussan aji uku. Sassan da suka farga sun fara komawa ga jarrabawa a gaban na'ura da tambaya baki da baki.

Bayan digiri sai bautar ƙasa ta shekara ɗaya ga wanda bai haura shekara 30 ba. Ayyukan suna bankuna da kamfanonin biyan kuɗi ta waya, da kamfanonin sadarwa, da hukumomi irin su NIMC da babban banki, da ƙungiyoyin agaji masu tara alƙaluma, da koyarwa, da aiki daga gida. Kamfanoni masu zaman kansu ba su cika tsayawa a kan takarda ba. Sukan ba mai nema matsala ya warware a gabansu, su duba ayyukan da ya taɓa yi. Sana'ar tana da dokokinta: majalisar CPN, da aka kafa a 1993, ita ke yi wa masu aikin kwamfuta rajista, dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba, ko da sunan gwaji ne, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora alhaki a kan duk mai riƙe da bayanan mutane. Mai son koyarwa ko bincike sai ya ɗora da digiri na biyu da na uku. Jami'o'i kan karɓi mai daraja ta biyu ta ƙasa a digiri na biyu, amma yawancin guraben tallafin karatu, na gida da na waje, daga daraja ta biyu ta sama suke farawa, kuma masu tantancewa sukan nemi ganin kundin digirin farko tare da wasiƙar malamin da ya duba shi.